Gyauron Dawa Da Mutuwar Dabbobi A Kaka

Kusan kowace shekara, idan aka yanke dawa, sa'an nan wani ruwan ƙarshe ya sauko ya tayar da toho daga kututturen kara, sai labari ya riƙa zuwa daga ƙauyukanmu cewa wane ya saki tumakinsa da hantsi suna lafiya lau, kafin azahar sun zube a gona suna kumfa, wasu ma ba a cim musu da wuƙa ba sun zama mushe. Abin takaici, maimakon a binciki sababi, sai a hau zargin maƙwabci da zuba guba, ko a ce sammu ne, alhali mai dabbobin ne da hannunsa ya kora su inda ajalinsu yake.

Allah cikin hikimarsa bai bar tsiro ba tare da kariya ba, domin ba shi da ƙafar gudu idan fara ko akuya ta auka masa. Ƙaramar dawa tana haɗa wani sinadari da masana ke kira durin, wanda wasu masana biyu a Ingila, Dunstan da Henry, suka fara fitarwa daga ganyenta a 1902. Shi kansa durin ba ya kisa muddin yana ɓoye a ma'ajinsa cikin ƙwayoyin fatar ganye, domin sinadarin da ke fasa shi, wanda ake kira enzayim, yana can wasu ƙwayoyin dabam, kamar yadda mai hankali ke raba ashana da kananzir. Amma da zarar haƙori ya tauna ganyen, sai biyun su gamu, gubar sayanayid ta fito, ta hana jiki amfani da iskar da huhu ya shaƙa. Karan da ya nuna ya bushe haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai, amma a sabon toho ne gubar ta fi taruwa.

To, wannan sabon tohon shi ne gyauron da muke ganin korensa shar mu ce dabba ta samu rabo. Haɗarin yana tsananta idan dawa ta sha fari ta yi yaushi kana ruwa ya dawo, ko kuwa an cika mata takin yuriya. Masu tuƙa, wato shanu da tumaki da awaki, su suka fi cutuwa, saboda ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinsu suna gaggauta sakin gubar. Mafi muni kuma, sai mutum ya bar dabba ta kwana a turke da yunwa, ya aika yaro ɗan shekara bakwai ya kai ta gona, shi yana zaune a dandali. Dabba amana ce, wannan kuwa sakaci ne tsagwaronsa, ba tawakkali ba.

Kada a saki dabba a gyauro ko ƙaramar dawa da ba ta wuce gwiwa ba, kusan santimita 60, haka nan wadda aka tuge wajen ragi da damina kada a zuba ta ɗanya a gaban tunkiya. A fara cika mata ciki da harawa ko dusa kafin a fita da ita. Idan an ga tana haki, tana makyarkyata da tangaɗi, a fitar da sauran garken daga gonar nan take, a nemi malamin dabbobi ba tare da jinkiri ba, domin akwai allurar da ke karya wannan guba, sai dai wani lokaci minti kaɗan ne tsakanin alamar farko da mutuwa, ɗura mata manja ko kanwa kuwa ɓata wannan ɗan lokacin ne kawai.