Kotu ta ce a yi magani, amma ina likitan?

A Janairun 1999 wani mai fama da ciwon tabin hankali ya ingiza Kendra Webdale gaban jirgin ƙasa a birnin New York, ta rasu. A shekarar jihar ta kafa dokar da ke ɗauke da sunanta: alƙali na iya umartar marar lafiya ya bi tsarin magani yana zaune a gida, ba sai an kwantar da shi asibiti ba.

To amma ka lura, alƙali ba ya yanke wannan hukunci da ka. Sai likita ya duba mutumin cikin kwana 10 kafin a shigar da ƙara, sannan ya ba da shaida. A ƙaramar gunduma ta karkara, inda likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ne ko ma babu, nan maganar ke cijewa.

Shi ya sa dokar ta yarda hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta jiha ta ba gundumar da mutanenta ba su kai 80,000 ba aron likita kyauta. Wannan ya sauƙaƙa zaman kotu. Sai dai umarnin kan kai shekara guda, kuma duk tsawon lokacin marar lafiyan na buƙatar mai duba shi a kusa.