Ƙarafan Jabba da asalin Sojan Hausa

Ruwan Gulbin Zamfara da ke ratsa ƙasar Gummi yakan haɗe da Gulbin Sakkwato, ya faɗa Kwara, ya wuce Yawuri, ya isa Jabba. A Jabban nan, kusa da tashar jirgin ƙasa, aka adana ƙarafan injin wani jirgin ruwa mai suna Dayspring, wanda ya yi karo da dutse cikin Oktoba 1857.

Jirgin tururi ne. A hura wuta da itace a ƙarƙashin tukunyar ƙarfe, ruwa ya tafasa, tururin ya tura sanda, sanda ta juya farfela. Da wannan dabara Turawa suka riƙa haura kogi ba jiran iska, ba 'yan tuƙi. Sai dai inji bai san inda dutse ya kwanta a ƙarƙashin ruwa ba. Wannan ilimin Sarkawa ne da Nufawa.

Shugaban tafiyar likita ne, William Baikie, wanda a 1854 ya shiga Binuwai da jirgin Pleiad ya komo bai rasa mutum ko ɗaya ba, albarkacin kwinin. Tare da shi a Dayspring akwai Samuel Ajayi Crowther da wani hafsan sojan ruwa, John Glover. Da jirgin ya fashe suka yada zango a bakin kogi kusan shekara guda. Baikie daga baya ya zauna Lakwaja, ya koyi Hausa, har ya je Kano a 1862.

Ni kam a ganina labarin Glover ya fi shafarmu. Rashin jirgi ne ya sa ya bi ƙasa zuwa Ikko, ya saba da Hausawan da ke hannun bauta a ƙasar Yarbawa. A 1863 ya tara wasu daga cikinsu ya ba su bindiga, aka kira su Hausawan Glover. Rundunar sojan Najeriya daga nan take ƙirga shekarunta har yau, kuma magadan irin waɗannan dakaru ne Gwamna Lugga ya aika suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Daɗi da ɗaci duk suna cikin ƙarafan nan.

Ya kamata Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta kafa allo a wurin, da bayani cikin Hausa da Nufanci da Yarbanci.