Ko Ka Sani? Tukunyar da Ke Shayar da Ruɓaɓɓen Itace

Itacen da ya fara ruɓewa, wanda ko farce ka danna masa sai ya lotsa, yawancin mutane murhu za su kai shi. Amma masu sassaƙa da injin juya katako a Amurka kuɗi suke sawa su saye shi. Fumfunar da ta ci shi kan bar masa baƙaƙen layuka masu lanƙwasa, irin zanen da hannu ba ya iyawa. Sai dai da an ɗora shi a inji ya fara juyawa, bakin ƙarfe ya taɓa shi, sai ya rugurguje.

Maganin wata tukunya ce ta ƙarfe ko ta roba mai kauri, da murfi garai-garai wanda ake hango ciki, haɗe da famfon zuƙe iska. A jera gutsattsarin itacen, a danne su da wani abu mai nauyi don kada su taso, a zuba ruwan roba da ake kira rezin har ya shanye kansu. Wanda ya yi suna a wannan sana'a shi ne Cactus Juice, na wani kamfani a jihar Tekzas. Tsinkakke ne, ba ya daskarewa sai ya ji zafi.

Da an kunna famfo sai kumfa ta taso kamar ana dafa wani abu, alhali babu wuta. Iskar da ke maƙale a ƙananan ramukan itacen ce ke fita. Takan ɗauki awoyi kafin ta lafa.

Mai kallo zai ɗauka famfon ne ke tura rezin cikin katako. Ko kusa. Aikinsa kwashewa ne kawai. Yawancin shan yana faruwa ne lokacin da aka buɗe ƙofar iska, iskar duniya ta koma cikin tukunyar. Wannan iskar da muke yawo a cikinta ba ma jin nauyinta, tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 1, kuma ita ce ke cusa ruwan cikin ramukan da aka bari wayam. Kamar ka matse soso a cikin ruwa ne, ka sake shi. Shi ya sa masu aikin ke barin itacen a jiƙe aƙalla ninki biyu na lokacin da famfo ya yi yana ja, ido kuma na ganin ruwan yana ja da baya.

Ƙarfin nan ba sabon labari ba ne. Otto von Guericke, magajin garin Magdeburg a Jamus, wanda ya ƙirƙiro famfon zuƙe iska wajajen 1650, ya haɗa ƙwarya biyu na tagulla baki da baki ya zuƙe iskar ciki. Dawakai 16, takwas ta kowane gefe, suka ja suka kasa raba su.

Daga tukunya sai tanda. A gasa itacen a zafin da ya kai digiri 90 a ma'aunin Salshiyas, rezin ya daskare a ciki. Abin da ɗazu farce ke lotsawa ya koma tauri, mai laushi sosai ma nauyinsa kan ninka, kumburinsa da damina da tsukewarsa da rani su ragu sosai. A nan gaggawa ke kayar da mutane: dole a fara busar da itacen ƙaƙas, galibi kwana guda a zafin da ya ɗan haura digiri 100. In da sauran laima, a tanda za ta zama tururi ta koro rezin waje.

Rini kuwa, a ganina, shi ne daɗin aikin. Ana zuba shi cikin rezin tun farko, don haka launin ba a fata ya tsaya ba. Duk zurfin da aka sassaƙa, shuɗi ne ko kore har ciki. Kuma itace ba ya sha daidai: inda ya yi laushi ya sha ya ƙoshi, inda ya yi tauri ya ɗan kurɓa. Launin sai ya fito wani wuri turarre, wani wuri dishi-dishi. Masu son ƙwalisa kan tsoma shi a launi ɗaya ba tare da famfo ba, su gasa, sannan su zuƙe shi da launi na biyu ya cike inda na farko bai kai ba.

Ba kowane itace ke karɓa ba. Masu maiƙo da tauri irin su kokobolo na Amurka ta Tsakiya ba su da gurbin sha. Rezin ɗin ma ba ya toshe babban rami ko tsaga, tsiyayewa yake kafin ya daskare, wannan aikin wani danƙo ne mai kauri da ake kira ifoksi. Tukunya da tanda kuma ƙanana ne, shi ya sa abin ya fi tsayawa ga jikin biro, mariƙin wuƙa da usur ɗin da mafarauta ke kiran agwagwa da shi.