Indararo: A shafa fenti ko a sa sabo? Shawarar da ke jiran magidantan Shira da Azare kafin damina

A ƙasar Katagum, da zarar bazara ta kankama, hadari ya soma leƙowa daga gabas, magidanta kan ɗaga kai su dubi rufin gidajensu. Daga Yana, hedikwatar ƙaramar hukumar Shira, zuwa Disina da tsohon garin Shira da ke gindin duwatsu, har cikin unguwannin Azare, abin da ido ke fara cin karo da shi shi ne indararo. Wani ya yi jajawur da tsatsa, wani ya karkace, wani kuma ya bar baƙin zane a jikin katanga, alamar hanyar da ruwan bara ya bi. Daga nan sai tambaya ta taso, wadda da yawa ke yi wa kallon ƙarama: a sayo gwangwanin fenti a shafe shi, ko a cire shi a sa sabo?

Amsar ta fi kuɗin fenti da na kwano nauyi, domin ƙarƙashin indararo katanga ce, bayan katangar kuma mutane ke kwana.

Mutanen wannan yanki ba su manta da daminar 2024 ba. A watan Agustan shekarar ambaliya ta afka wa ƙananan hukumomin Shira da Giade da Katagum da wasu maƙwabtansu, ta rusa gidaje, ta shafe gonaki, ta kuma datse babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Babu indararon da zai tare ruwan da ya ɓallo daga kogi. Sai dai ba kowace katangar da ta faɗi da damina ce ruwan kogi ya ture ba. Akwai wadda daga sama ajalinta ya zo, ruwa ya yi ta ɗiga a kanta kwana da kwanaki a lokacin malka, ƙasar ta jiƙe ta yi nauyi, gindin ya zaizaye, wata rana cikin dare ta zube. Irin wannan asara ce ke hannun mai gida, ita ce kuma ake iya kauce wa da kuɗi kaɗan.

Nauyin da indararo ke ɗauka

Lissafin ba shi da wuya. Duk milimita ɗaya ta ruwan sama da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A ɗauki misalin rufi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10. Idan aka yi mamakon da ya kai milimita 40 a dare guda, ruwan da zai sauka a kansa lita 4,000 ne, wato jarka 160 mai cin lita 25. Idan indararo huɗu ne a jikin ginin, kowanne zai fitar da lita 1,000, nauyin tan guda ke nan. A wannan yanki kusan duk ruwan shekara yana sauka ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ya fi kowanne. Ke nan abin da ya yi wata takwas yana shan rana da ƙurar hunturu ba tare da wani aiki ba, shi ake ɗora wa wannan kaya lokaci guda.

Maginan gargajiya sun san haka tun kafin kwano ya shigo ƙasar Hausa. Soron ƙasa mai rufin azara ana yi masa gangara kaɗan zuwa gefe, a huda rawanin ginin, a cusa indararo ya miƙe waje da nisa, yadda ruwa zai faɗi nesa da gindin katanga. A da ana yin sa da gasasshen yumɓu, aikin masu ginin tukwane, ko a fafe guntun giginya, itacen da gara ba ta cika yi wa illa ba. Sannan a kewaye bakinsa da yaɓe mai hana ruwa shiga, kamar makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Hikimar maginan ita ce sun fi damuwa da mahaɗar indararo da rufi a kan jikin indararon kansa, domin ta nan ruwa ke sulalewa cikin katanga ba wanda ya gani. Daga baya kwano ya maye gurbin yumɓu da giginya saboda araha da rashin nauyi, ya kuma zo da cutarsa, wato tsatsa.

Abin da fenti ke iyawa

Kwanon da ake naɗe indararo da shi baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da wani siririn farin ƙarfe mai suna zink. Muddin wannan lulluɓi yana nan, shi ruwa da iska ke ci, ƙarfen ciki ya tsira. Ƙurar da ke taruwa a cikin indararo da rani, da busasshen ganyen darbejiya, da kashin tantabaru, su ke riƙe danshi su gaggauta cinye shi. Idan ya ƙare sai ja ya bayyana. Tsatsa ta farko a sama take, kamar hoda, ƙarfen da ke ƙarƙashinta yana nan da ƙwarinsa. A wannan mataki fenti magani ne, kuma sayen sabo ɓarnar kuɗi ce.

Amma aikin yana da ƙa'ida. Sai an kankare tsatsar da burushin waya har farin ƙarfe ya fito, a goge da sanfefa, a wanke, a bari ya bushe ƙayau. Sannan a shafa jan fentin nan na share fage da masu walda ke shafa wa ƙofofi da tagogi, a bari ya kama, a bi shi da fentin mai har sau biyu. Cikin indararo, inda ruwa ke bi, ya fi bayansa buƙatar wannan kulawa, ko da yake bayan ne mai wucewa ke gani. Wanda ya ɗora fenti a kan tsatsa kai tsaye ya rufe cuta ne da riga mai kyau. Tsatsar za ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi, fentin ya kumbura ya ɓanɓare kafin damina ta raba.

Akwai kuma abin lura ga gidajen da ke tarar ruwan indararo a randa ko duro don sha da girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗi a kan fentin da ke ɗauke da dalma, wadda ke illa ga ƙwaƙwalwar yara ƙanana. Mai irin wannan gida gara ya bar cikin indararon ba fenti, ya sauya shi idan ya tsufa, ya kuma bar ruwan farko ya wanke rufi ya zube kafin ya kafa mazubi.

Inda fenti ya gaza

Fenti yana kare ƙarfen da ya rage, ba ya dawo da wanda tsatsa ta riga ta cinye. Saboda haka kafin a tafi kasuwa, sai a hau tsani a yi bincike da hannu. A danna ƙusa ko bakin wuƙa a wurin da ya fi ja. Idan ta shige, ko ƙarfen ya lotsa kamar takarda, ko ya rinƙa ɓarɓashi, kwanansa ya ƙare. A leƙa ta ƙasa da rana tsaka, idan haske na ratsowa ta ƙananan huji, ruwa ma zai ratso. Huji ɗaya ko biyu ana iya liƙe su da kwalta ko a yi musu faci, amma idan sun yi yawa kamar rariya, facin wannan wuri buɗe wancan ne.

Gwaji na biyu da bokitin ruwa ake yin sa. Mutum ɗaya ya zuba a saman rufi, wani ya tsaya a ƙasa yana kallo. Idan ruwan ya fita ta baki ya faɗi nesa, lafiya lau. Idan wani sashe ya biyo ƙarƙashin indararon ya dawo jikin katanga, ko danshi ya bayyana a kewayen inda aka cusa shi, matsalar a mahaɗa take ko a gangara, kuma ko fentin duniya aka shafa ba zai gyara ta ba. Sai an cire, an sake zaunar da shi bakinsa na kallon ƙasa, an sabunta yaɓen da ke kewaye da shi. A soron ƙasa a duba azarar da ke kusa, domin ita ce ke fara ruɓewa. Katangar gabas a fi tsananta mata bincike, tunda daga nan ruwa da iska suka fi bugowa.

A gidajen bulo masu rufin kwano, inda ake dasa doguwar magudana a bakin rufi, abin dubawa ya ƙaru da maƙalai da katakon da aka kafe ta a jiki. Magudanar da ta lanƙwashe a tsakiya tana riƙe ruwa, ruwan ya ci ƙarfe, ya kuma zama gidan sauro, wanda a lokacin zafi bai fi mako ɗaya zuwa kwana goma yake buƙata daga ƙwai zuwa tashi ba. Idan katakon ya ruɓe, sabuwar magudana ma ba za ta zauna ba sai an sauya shi.

Da me za a maye gurbinsa?

Wanda ya yanke shawarar sa sabo yana da zaɓi uku a kasuwar Azare da kasuwannin mako na kewaye. Kwano shi ne mafi sauƙin samu, kowane maƙerin gwangwani zai naɗa shi daidai awo, amma kauri ya bambanta, kuma siririn da ake rububi saboda araha shi ke fara hujewa. Alminiyum ba ya jan tsatsa, ba ya buƙatar fenti sai don ado, sai dai ya fi tsada, yana lotsewa idan an jingina masa tsani, kuma idan aka kafe shi da ƙusar baƙin ƙarfe wurin yakan ci a hankali. Bututun roba ba ruwansa da tsatsa, shi ya sa ya yaɗu a gidajen ƙasa da na siminti, amma rana ce abokiyar gabarsa. Bayan wasu shekaru yakan yi fari ya bushe, ƙaramin bugu ya fasa shi. Robar da ta kai wannan hali ba ta da gyara. Wadda take sabuwa kuwa, fenti mai haske na iya rage mata dukan rana.

Sabon yayin ɓoyayyen rufi, inda ake ɗaga katanga ta rufe kwano a zuba magudanar kankare a bayanta, ya zo da nasa haɗarin. Mai gida ba ya ganin abin da ke faruwa daga ƙasa, sai silin ya yi tabo. A nan share ganye da leda daga bakin bututu, da liƙe tsaga da kwalta kafin ruwan farko, su ne aikin. Fentin da aka shafa a fuskar ginin ba shi da alaƙa da yoyon.

Batun kuɗi ba abin rainawa ba ne. Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, farashin kwano da siminti da fenti ya yi tashin da ya sa magidanta da dama ke ɗaga gyara daga bana zuwa baɗi. Sai dai idan za a yi lissafi, a sa kuɗin indararo a hannu ɗaya, a ɗaya hannun a sa kuɗin tayar da katanga, da azara, da ladan magini, da hatsin da ke cikin ɗakin. Gwangwanin fenti mai kyau, da na share fage, da burushi, da ladan mai shafawa, a kan gajeren indararo guda ɗaya ko biyu suna iya kaiwa kuɗin sabo. Fenti ya fi riba a doguwar magudana mai ƙwari. A gajeren indararon soro da ya huje, sauyawa ta fi.

Haƙƙin maƙwabci

Ruwan da ya bar indararo bai gama tafiya ba. A tsofaffin unguwanni masu ƙunƙuntar lungu, indararon wani na iya zuba a gindin katangar wani, kuma irin wannan ƙara ba baƙuwa ba ce a zauren mai unguwa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayani a kan hukuncin indararo a babin hana cutar da maƙwabci da kiyaye haƙƙin hanya. Ɗakin Ka'aba ma yana da nasa, Indararon Rahama, wanda ke zubar da ruwan rufi cikin Hijir Isma'il, kuma tun lokacin da Ƙuraishawa suka yi wa ɗakin rufi aka sa shi. Wanda zai sa sabo ya samu damar gyara abin da fenti ba ya gyarawa: ya sauya masa alƙibla, ko ya haɗa masa bututu ya sauko da ruwan ƙasa, ko ya jera duwatsu ko ya zuba daɓen siminti inda yake faɗuwa don kada ya haƙa rami.

Lokacin wannan aiki shi ne Maris da Afrilu, sa'ad da ƙurar hunturu ta lafa, ƙarfe ya bushe, yaɓe kuma zai samu ranar da zai kama. Idan aka bari har ruwa ya sauka, magina sun koma gona, fenti ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe, hawa soron da ya sha ruwa kuma kasada ce. Tsani da ƙusa da bokitin ruwa guda sun isa su nuna wa mai gida ko fenti zai saya ko sabon indararo.