Me ya sa Jackie Chan ya daina ba mu dariya?

Masu bibiyarmu daga Gantsa, Buji, Dutse da kewaye, ga shirinmu na wannan makon a rubuce.

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin gidan kallo ya san Jackie Chan. Mutumin da zai yi faɗa da tsani, da kujera, da bokiti, in ya kai naushi ya yarfe hannu yana yamutsa fuska, ɗaki ya kwashe da dariya. Haka muka san shi tun daga Drunken Master na 1978, da Police Story na 1985, har zuwa Rush Hour na 1998. To amma wanda ya kalli wasu finafinansa na baya-bayan nan sai ya ce, anya shi ne kuwa? Fuska a murtuke, labarin kuma na 'yan daba, kisa da ɗaukar fansa.

Babban dalili dai jiki ne. A 1954 aka haife shi a Hong Kong, kun ga ya haura saba'in ke nan. Ga shi an san shi da yin tsalle-tsalle masu haɗari da kansa. Wajen ɗaukar Armour of God na 1986 a Yugoslabiya, ya faɗo daga kan bishiya, ƙoƙon kansa ya tsage, sai da aka yi masa tiyata. Barkwancinsa kuwa a kan sauri aka gina shi. In saurin ya ragu, ai dariyar ma dole ta ragu.

Hausawa suka ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A Shinjuku Incident na 2009 ya fito a matsayin baƙon haure a birnin Tokiyo, wanda neman abinci ya jefa shi cikin rikicin 'yan daba. Nan babu gwanintar kumfu, sai sara da jini. A The Foreigner na 2017 kuwa, mai gidan abinci ne a Landan da bam ya kashe 'yarsa, ya tasa wani ɗan siyasa a gaba, wato Pierce Brosnan, sai ya faɗa masa sunayen waɗanda suka dasa bam ɗin. Ku lura da faɗansa a wannan fim: tarko yake ɗanawa, yana haki, in an doke shi yana jin jiki. Sai The Shadow's Edge na 2025, inda aka dawo da shi daga ritaya a Macau don ya koya wa matasan 'yan sanda bin sawun ɓarayin da suka gagari kyamara da kwamfuta.

To me ya sa labarin masu laifi ya fi karɓarsa yanzu? Saboda a irin wannan labari furfura jari ce. Uba mai jimami, tsohon ɗan sanda mai haƙuri da sanin halin mutane, wa zai fito a haka ka yarda da shi in ba dattijo ba? Kamar tsohon ɗan dambe ne, ba ya yawan kai hannu, jira yake ya ga ƙofa.

Wanda ke neman dariya, tsofaffin finafinan suna nan. Sababbin kuwa akwai zubar da jini, a kula kafin a kunna su gaban yara.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.