Ba Goyo Ne Ke Fitar Da Matanmu Daga Kwaleji Ba

A Zangon Agege da bakin kasuwar Katangowa, an daɗe ana cewa mace in ta haihu, boko ya ƙare mata, gara ta zauna ta rungumi ɗanta. Masu wannan magana ba maƙiyan ilimi ba ne. Yawancinsu dattawa ne da suka ga 'ya'yansu sun shiga kwaleji da murna, shekara ba ta zagayo ba suka dawo babu takarda, kuɗin rajista ya bi ruwa. Abin da suka gani ya faru. Inda nake neman afuwarsu in saɓa musu shi ne wanda suka ɗora wa laifin.

A ɗauki matar da ke zaune a Abule Egba tana karatun difloma a YABATECH. In lacca ƙarfe 8 ce, da sallame Asuba za ta fita. Motar BRT ta layin Abule Egba, da ta fara aiki a 2020, a Oshodi za ta ajiye ta, daga nan ta nemi danfo zuwa Yaba. Jirgin ƙasa na Red Line da aka buɗe a 2024 yana tsayawa a Agege da Yaba, ya rage wahala, amma kafin ta kai tasha ma sai ta biya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota bai sake komawa yadda yake ba. Ranar da malami ya ɗage lacca ba sanarwa kuwa, kuɗin cefanen gidan ne ya tafi a banza.

Sai tambayar da ta fi kowacce nauyi: wa zai riƙe yaron? A Kano ko Zariya ba a ma yin ta. Ga kaka, ga ƙanwar miji, ga matar wa, a miƙa yaro a wuce. A Legas ɗaki ɗaya ne na haya. Maigida ya tafi mayankar Oko-Oba ko kasuwa tun duhu, maƙwabciya ita ma tana bakin sana'arta, gidan renon yara kuma kuɗi ne duk wata. Matar da ta yi karatu da goyo a Zariya ba ta fi ta Agege ƙwaƙwalwa ba, hannuwa ta fi ta.

Za a ce ai yanzu akwai bashin ɗalibai. Haka ne, tun 2024 NELFUND na biyan kuɗin makaranta, tana kuma ba da naira 20,000 a wata ta ɗawainiya. Amma lissafin mutum ɗaya aka yi, babu madara a ciki, babu kuɗin asibiti. Jadawalin jarrabawa ma bai san yaro ya kwana da zazzaɓi ba.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: maza ma suna bari. Magidancin da ke sayar da gwanjo a Katangowa yana karatun ƙarshen mako, da mai gida ya nemi hayar shekara, karatun ne zai fara ajiyewa. Ba shi da goyo a baya, kuma ban taɓa jin an ce haihuwa ce ta toshe masa kai ba. Nasa sai a ce hali ne, nata a ce ɗabi'ar mata ce. Wannan ba adalci ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta rasu a 1864, uwa ce mai 'ya'ya, kuma ita ta tsara jaji, wato mata malamai, da 'yan taru don karatu ya iske matan aure inda suke.

Ajujuwan Islamiyyunmu da dama a kulle suke da safe, sai yamma ake buɗewa. Ina roƙon fadar Sarkin Hausawan Agege da kwamitocin masallatanmu su buɗe ko da aji ɗaya, a ɗauki dattijuwa biyu amintattu a riƙa biyansu, iyaye mata su ajiye yara su tafi lacca. Ku kuma magidanta, ranar jarrabawar matanku, ku bar kasuwa rabin yini ku riƙe yaran.