Yaron da Aka Yi wa Gashi a Ka Ba Daƙiƙi Ba Ne

Malam ya goge allo, yaron bai ko kai rabin kwafa ba. An aike shi sayen abu uku, ya dawo da ɗaya. A gida ana ce masa malalaci, a makaranta daƙiƙi, har da bulala. Kowa ya mance cewa shekara huɗu da suka wuce an yi masa gashi a ka saboda ciwon daji.

Gashin nan, wato haska ƙari da na'ura don kashe ƙwayoyin cutar, yana ceton rai, musamman idan ƙarin ya fito a ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya. Sai dai ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama ƙosawa ba, kuma hasken yakan taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. Abin da ya riga ya iya yana nan. Sabon karatu ne ke shigarsa a hankali, sa'o'insa su yi ta ba shi rata shekara bayan shekara. Illar ta fi tsanani ga ƙanana, shi ya sa likitoci ke kauce wa gasa kan yaron da bai kai shekara 3 ba. Ko masu sankarar jini, da ake yawan gasa wa kai a shekarun 1970, yanzu galibinsu allurar magani ake yi musu ta ƙashin baya.

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake mai sakin sinadarin girma. Idan ya taɓu, tsawo yakan tsaya, balaga ta zo da wuri ko ta makara. Iyaye, ku riƙa tsayar da yaron jikin bango kuna jan layi da gawayi duk wata shida. Idan layin ya ƙi motsi, akwai allurar da ke taimakawa, muddin ƙashi bai rufe ba. Saboda gashin, ji ma yakan ragu, ido ya yi yana. Bayan shekara 20 ko fiye, wasu kan sami sabon ƙari a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ko shanyewar ɓarin jiki.

Kada wannan ya sa wani uba ya gudu da ɗansa daga asibiti zuwa wajen mai sassaƙe; ƙarin da aka bari kisa yake yi. Ku dai nemi takardar da ke nuna wurin da aka gasa da adadin hasken, ku adana ta kamar takardar gida. Ku gaya wa malaminsa ya zaunar da shi a gaba, ya ƙara masa lokaci. Ciwon kai mai naci, farfaɗiya ko raunin hannu, ko da ya yi gemu, a mayar da shi asibiti da takardar a hannu.